Wasan daɓe mai waƙa: a ina ake saka waƙar, kuma guda nawa?

Gimbiyar_Daɓe:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masana nake nema. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta matasa, mutum 14, maza 9 mata 5, za su yi wasa mai waƙa, irin wanda ɗan wasa da bakinsa yake rerawa a gaban jama'a, ba wanda ake kunna faifai yana motsa baki ba. Tsawonsa minti 90. Labarin wa da ƙane ne da mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona. Ƙanen yana so a sayar ya karɓi kasonsa ya tafi birni, wan ya ƙi, uwarsu tana tsakiya, ga dillali yana zuga. Kayan aiki: fiyano ɗaya, mai kalangu, mai goge idan kuɗi ya kai, makirufo marar waya guda 3, da zaure mai cin mutum 300. Saura mako 8. Waƙa nawa ta dace, a wane gurbi? Kuma me ya sa a wasu wasannin da an fara waƙa sai labari ya tsaya cak, jama'a su koma duba waya?

Malamin_Adabi:
Wa alaikumus salam, Gimbiya. Daga tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ce uwar sauran. Labari yana tsayawa ne idan waƙa ta maimaita abin da aka riga aka faɗa da baki. Ƙane ya ce wa wansa birni zai tafi, sannan aka saki kiɗa ya yi minti huɗu yana rera cewa birni zai tafi. Mai kallo ya riga ya sani, me zai saurara? Ga yadda ake gwadawa: cire waƙar, a karanta fitowar da ke gabanta da wadda ke bayanta a jere. Idan ba a ji an yi tsallake ba, waƙar ado ce. Idan aka ji rami, aka ce yaya aka yi yaron nan ya yanke shawara, to waƙar tana ɗauke da kaya.

Saboda haka ba a rubuta fitowa sannan a liƙa mata waƙa a wutsiya. Ana duba fitowar, a nemo inda magana ta fi zafi, a cire wannan maganar daga bakin 'yan wasa a mayar da ita waƙa. A labarinki gurabe shida nake gani. Buɗewa ta taron jama'a a gona ko a zaman makoki, wadda za ta nuna wane ne wane cikin minti huɗu. Waƙar ƙane shi kaɗai kafin minti na 15, inda zai faɗi abin da yake so da dalilinsa, domin idan ba a ji dalilinsa da wuri ba, 'yan kallo za su ɗauke shi ɗan iska kawai. Waƙar dillali. Waƙar rigimar wa da ƙane, dab da hutun tsakiya. Waƙar uwa. Sai ta rufewa.

Fiyano_Fagge:
Malam ya yi daidai a gurabe. Ni ta fuskar lokaci zan yi magana. Mako 8 da mutanen da ba mawaƙa ba, kada a wuce karin waƙa 5 sababbi. Sauran a dawo da wanda aka riga aka ji da sababbin kalmomi. Ta rufewa ta hau karin ta buɗewa, a sassauta gudunta. Karin waƙar ƙane ya dawo a kashi na biyu na minti ɗaya kacal, lokacin da birni ya juya masa baya. Sau 7 ko 8 ke nan ana waƙa, amma kari 5 aka koya. Jimillar waƙa kada ta haura minti 25 a cikin 90 ɗin. Ta mutum ɗaya minti biyu da rabi zuwa uku ta isa: ɗiya uku, wato baitoci, da gindi, wato amshin da ake maimaitawa.

Uwar_Tatsuniya:
Allah ya gafarta Malam, gwajin nan naka idan aka bi shi sau da ƙafa, an kori waƙar tatsuniya gaba ɗaya. A tatsuniya yarinya tana rera waƙa guda, kalma ba ta canja ba, sau uku ko huɗu: a bakin rafi, a gaban dodo, a ƙofar gidan sarki. Ba wani sabon bayani a cikinta, amma ba yaron da ya taɓa yin gyangyaɗi a wurin. Abin da ke sauyawa shi ne wanda ake rera wa da irin haɗarin da ke wurin. Karo na farko ana koyon waƙar, na biyu ana amsawa, na uku gaba yana faɗuwa don an san abin da ke tafe. Uwar yaran nan a ba ta gajeriyar waƙa ta layi huɗu, irin ta reno ko ta daka. Ta yi ta a farko tana aiki, ba wanda ya kula. Ta sake yi ranar da aka kawo takardar ciniki. Karo na uku kada ita ta yi, wan ya ɗauka shi kaɗai a gona. Ko harafi kada a canja.

Malamin_Adabi:
Hajiya, ai ba mu saɓa ba. Waƙarki ma ta ci gwajin: cire karo na uku ki ga ko za a san zuciyar wan ta karye. Kalma ce ba ta motsa ba, labari ya motsa.

Uwar_Tatsuniya:
Mun saɓa kaɗan dai. Kai kana so kowace waƙa ta yi aiki, ni kuwa na yarda a bar guda ɗaya don daɗi kawai.

Sarkin_Kallo:
Ina bayan Hajiya. Jama'a sun biya kuɗin ƙofa, a ba su waƙar dillali su yi dariya har da riƙe ciki. Ba komai ne darasi ba.

ƊanSamaru:
Wannan gardamar tsohuwa ce, har a inda sana'ar ta fi kafuwa. A Broadway, cibiyar wasannin daɓe ta Amurka, an daɗe ana jera waƙoƙi da raye-raye a rataya su a jikin labari marar ƙarfi. Wasan Oklahoma! na 1943 shi ake yawan kafa misali da shi a matsayin inda waƙa da rawa suka koma hidimar labari. A nan gida Yarabawa sun riga kowa: Hubert Ogunde ya fara nasa a Legas a 1944, Duro Ladipo kuma ya kai wasansa na Oba Koso bikin fasahar ƙasashen Kwamanwel a Birtaniya a 1965, kusan duk labarin da waƙa da ganga ake ba da shi. Mu kuma muna da tashe. Duba Jatau mai magani ko Ga Mairama ga Daudu: akwai shiga, akwai hali, akwai jagora da 'yan amshi, an gama cikin minti uku. Waƙar dillalinki a kan wannan ƙirar ya kamata a gina ta, yana lissafa abin da kuɗin gona zai saya, jama'a suna amsa masa.

Abin da ya ɓata mana kunne shi ne tsarin fim, inda ake haɗa waƙa a situdiyo tun kafin a gama labari, a ɗauke ta a wani lambu da wasu tufafi daban. A fim ana iya yanka a koma. A daɓe ɗan wasa yana tsaye a inda yake da rigar da ke jikinsa, dole waƙar ta fito daga maganar da ya gama yi.

MaiKalangu_Gusau:
Shigar waƙa ita ce inda aka fi faɗuwa. Ɗan wasa ya gama magana, a yi shiru, ya juyo ya kalli mai fiyano, mai fiyano ya kalli mai kalangu, sannan a fara. Daƙiƙa biyar ɗin nan sun isa su kashe fitowa. Kiɗa ya shiga tun ana saura layi uku ko huɗu na magana, a hankali, ƙasa da murya. Amfaninsa biyu: jama'a ba za su ji lokacin da aka tsallaka ba, mai waƙa kuma zai ɗauki amonsa daga fiyano. A rubuta wa makaɗa kalmar shiga a takarda, misali idan ƙane ya ce "to a raba", kalangu ya fara. Layin farko na waƙar a yi shi kusa da magana, sai a na biyu murya ta buɗe.

Fita kuma iri biyu ce. Idan ana son tafi, a rufe da bugu ɗaya mai ƙarfi, kowa ya tsaya cak, a ƙirga uku. Idan ba a so, kamar waƙar uwa, kada a rufe: goge ya ci gaba shi kaɗai, wani ya shigo da magana a kansa.

A wane wata za ku yi wasan? Fata tana bin yanayi. Da hunturu tana ɗaurewa amo ya hau, da damina ta saki. Kalangu da sauƙi tunda da tsarkiya ake matsa shi a hammata, amma goge sai an daidaita shi da fiyano a cikin zauren, minti 20 kafin a fara, a sake dubawa a hutun tsakiya. Kuma mai fiyano ya rage hannu idan goge yana magana, ya riƙe amon ƙasa da na biyar ɗinsa kawai. Idan ya cika yatsu, za a ji kamar goge ne ya kauce alhali ba shi ba ne.

Gimbiyar_Daɓe:
Cikin Disamba ne, Baba. Wasu a ƙungiyar suna cewa a haɗa kiɗan a situdiyo kawai a riƙa kunnawa daga kwamfuta, a huta da biyan makaɗa.

Injiniya_Sauti:
Ana yi, amma ki san abin da za ki saya da abin da za ki rasa. Makaɗi mai rai yana jira. Idan jama'a suka yi dariya ta daƙiƙa goma, ko ɗan wasa ya manta layi, zai yi ta juya bugu huɗun nan har a dawo hanya. Faifai ba ya jiran kowa. Idan dole ne, a yanka kowace waƙa gida-gida: gutsuren da ke ƙarƙashin magana daban, mai juyawa har sai an danna na gaba, jikin waƙa daban, rufewa daban. A ba kowane lamba, mutum ɗaya ya zauna da rubutun wasan a gabansa ba shi da wani aiki sai dannawa. Kada a kunna daga wayar da ke da layi a ciki.

Sauran abubuwan da ke lalata irin wannan wasa:

Lasifika ta kasance a gaban layin da 'yan wasa suke tsayawa, tana fuskantar jama'a. Da zarar makirufo ya shiga gabanta za ta yi kuka. A ja layi da alli ko salatif a ƙasa, a ce kada mai makirufo ya haura.

Makirufon kunne a gefen baki ake sa shi, tazarar yatsu biyu, ba a gaban leɓe ba, in ba haka ba duk "f" da "b" da "ts" sai sun buga. Gumi yana toshe shi, a tanadi ƙyalle. A waƙar rigima, idan wa da ƙane suka matso fuska da fuska, muryar kowa tana shiga makirufon ɗan'uwansa, sauti ya zama kamar daga cikin bututu. Mai mikisa ya rage na wanda ba ya rerawa, ko ya bar guda ɗaya a buɗe. Wanda ya fita daga daɓe a rufe nasa nan take.

Batir sabo na alkalin a kowane wasa, ba mai arahar nan na rediyo ba.

Janareta ya yi nisan mita 20 ko fiye, fitilu a layinsu daban da kayan sauti don gudun gurnani. Mikisa da kwamfuta a ɗora su a kan inbata, saboda idan aka ɗauke wuta ana tsakar waƙa, kafin a juya zuwa janareta faifai ya mutu.

Makaɗa su zauna kusa, a gefen daɓe inda suke ganin bakin mai waƙa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan aka kai su ƙarshen zaure, mita 30, bugu zai iso a makare da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya sa waƙa ta riƙa jan ƙafa.

Fiyano_Fagge:
Tsaka-tsaki: kalangu da fiyano su kasance da rai, a haƙura da faifai. Kuɗin situdiyo na waƙa biyar ba lalle ya gaza kuɗin makaɗi ba.

Malama_Harshe:
Ba wanda ya taɓo abin da ya fi sa jama'a su daina saurare: ba sa jin kalmomin. A rediyo mutum zai ji waƙa sau ashirin, a zaure sau ɗaya ne. Hausa tana da tsawon wasali da karin sauti, kuma karin waƙa yana iya take su. Dogon amo ya faɗa a kan gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi. A wasan da ake maganar tafiya birni, idan aka ja gaɓar farko ta "gari" an koma maganar garin tuwo. Haka "Baba": na uba daga ƙasa yake hawa, na uwa daga sama yake sauka. Labarin da uba ya rasu uwa tana raye, idan kari ya juya wannan, an rikita wa ake kira.

Hanyar kauce wa wannan: a rubuta baiti tukuna, a karanta shi da ƙarfi sau da yawa har a ji inda murya take hawa da sauka da kanta, sannan a ɗora kari a kan wannan. Ɗa na biyu da na uku su bi awon na farko gaɓa da gaɓa, nauyi a inda nauyi yake. Muhimmiyar kalma a ajiye ta a ƙarshen layi inda amsa-amo yake, nan kunne yake jira. Sabon bayani a bakin mutum ɗaya, taro kuwa su riƙe gindi, don baki goma ba sa fitar da sabuwar magana a fili.

Sarkin_Kallo:
To ba sai a ɗauko karin wata waƙar Indiya da kowa ya sani a zuba mata Hausa ba? An gama.

Malama_Harshe:
Ɗana, nan ne ainihin inda ake karya kalmomi, don an gina karin ne a kan wani harshe. Kuma da an ji shi hankalin jama'a zai tafi fim ɗin da suka sani, ya bar gonar.

Lauya_Zazzau:
Ga kuma haƙƙin mallaka. A dokar Nijeriya kiɗa da rubutun waƙa suna da kariya tsawon ran mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma yi a gaban jama'a da kuɗin ƙofa yana cikin abin da ake neman izini a kai. Masu sha'awar ɗauko wasan Broadway su fassara, su sani kamfanoni irin su Music Theatre International da Concord Theatricals ne ke ba da lasisi, kuma ba a yarda a canja ko a fassara ba sai da izini a rubuce. Idan a Kano za a yi, a tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai tun da wuri, musamman kan rawar maza da mata tare.

BaDamagare:
Gaisuwa daga Zinder. A nan wasannin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na zamanin shugaba Seyni Kountché, sun saba wa mutane da wasa a fili, ana kiɗa ana kwaikwayo. Abu biyu da ba a faɗa ba. Na ɗaya liƙi. Waƙa ta yi daɗi, wani zai taso ya hau daɓe da kuɗi, wasu su biyo shi, makaɗi ya ga kuɗi ya ƙi rufewa, waƙar minti uku ta koma goma. A sanar tun farko cewa liƙi sai an gama, a ajiye ƙwarya a gaba, a tsayar da mutum biyu a matakala. Bayan gaisuwar ƙarshe a maimaita waƙar dillali, nan kowa ya yi liƙinsa. Na biyu lokacin salla. Tsakanin La'asar da Magariba a Disamba, in aka cire taruwar jama'a, da ƙyar a samu awa biyu. Wasan minti 90 da hutun minti 10, in ba a fara da ƙarfe 4:15 ba, kiran salla zai riski waƙar rufewa.

Gimbiyar_Daɓe:
Na gode ƙwarai. Saura matsala biyu. Mai fitowa a uwa ta fi kowa iya wasa amma muryarta ba ta da faɗi. Kuma makirufo 3 ne, masu waƙa 4.

Fiyano_Fagge:
Shawarar Hajiya ta riga ta warware ta farko. Waƙar layi huɗu a kan amo biyar, baƙaƙen maɓallan fiyano kawai, ba ta buƙatar faɗin murya. Ga yadda ake samo wa kowa mazauninsa: nemo amo mafi ƙasa da mafi sama a waƙar, a sa shi ya rera su bayan ya zagaya zaure da gudu sau biyu, don a daɓe da haki zai yi. A matsa waƙar da maɓallin ɗagawa da saukewa na fiyano har sai an bar masa rarar amo biyu a sama. A rubuta lambar a jikin takardar waƙar, +2 ko -3, kuma a tuna a mayar da shi sifili kafin ta gaba. Mantuwar wannan ta kashe waƙoƙi da yawa. Idan mace da namiji suna waƙa ɗaya, mazaunin da ya yi masa daidai yakan yi mata ƙasa ko sama da yawa, sai a sauya idan an zo ɗanta.

Injiniya_Sauti:
Na makirufo: a zana jadawali, fitowa a tsaye, sunaye a kwance. Wa da ƙane su riƙe nasu har ƙarshe. Na ukun uwa da dillali su yi karɓa-karɓa, a tabbatar akwai aƙalla minti uku tsakanin fitar wannan da shigar wancan. Inda dole su haɗu, dillali ya riƙe na hannu mai waya, ya ma dace da halinsa. 'Yan amshi a kafa musu guda biyu masu waya a kan sanda a gefe.

Koci_Rawa:
Rabon mako 8. Biyun farko a zaune, waƙa kawai, har a haddace ba takarda. Na 3 zuwa na 5 tsayuwa da motsi, a ƙiyasta awa ɗaya ta atisaye ga kowane minti ɗaya na waƙar taro. Na 6 a haɗa da makaɗa, a yi ta maimaita shiga da fita kaɗai, layi huɗu kafin waƙa da huɗu bayanta. Na 7 wasa daga farko har ƙarshe ba tsayawa, da agogo. Na 8 a zauren, da makirufo da tufafi. Mai jan baiti ba ya rawa, ya tsaya ko ya taka a hankali, rawa sai inda kiɗa ke tafiya shi kaɗai ko 'yan amshi suka karɓa. A sa alamar numfashi a takarda, kusan kowane bugu takwas. Hunturu ne, a yi ɗumin murya na minti 15 da ruwan ɗumi a kusa, kuma a yayyafa wa daɓe ruwa kaɗan in na ƙasa ne, saboda ƙura.

Malamin_Adabi:
Komawa kan waƙar rigima, don ita ce ƙashin bayan wasan. Kowa ya yi ɗansa shi kaɗai tukuna a kan kiɗa ɗaya, ƙane da gajerun layuka masu sauri, wa da dogaye. Sai a karo na uku su hau juna, kuma da layukan da aka riga aka ji kawai, kamar yadda Malama ta ce. A cikin waƙar a yanke hukunci, wan ya miƙa takardar gona ko ya yaga ta, kafin bugun ƙarshe. Daga nan hutu.

Uwar_Tatsuniya:
Ta rufewa fa? Fiyano_Fagge ya ce a dawo da ta buɗewa da taro. Ni da za a bi tawa, da waƙar uwa a bakin wan za a tashi, ba taro ba rawa.

Sarkin_Kallo:
Haba Hajiya, a sallami mutum 300 da kuka?

ƊanSamaru:
Ya danganta da ko ƙanen ya dawo. Gimbiya, a rubutunku an sayar da gonar ko ba a sayar ba?

Gimbiyar_Daɓe:
Rabi aka sayar. Ko ya dawo kuwa, marubutan biyu har yanzu ba su daidaita ba. Zan turo fitowa ta ƙarshe da daddare ku duba.